Inbata Mai Araha: Wa Ke Biyan Cikon Kuɗin?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 'yan shekarun nan, ko ya bi ta layukan masu kayan lantarki a Kaduna ko Zariya ko Sakkwato, ba ya rasa ganin wata 'yar akwati da ta mamaye rumfuna. Ga ja, ga shuɗiya, ga mai ruwan azurfa, girmanta bai wuce na ƙamus ba, amma an zabga mata lamba a goshi: wat 1,000, wat 2,000, wata ma har 3,000. Sunanta inbata. Aikinta shi ne ta karɓi wutar da batir ya tara, ta mai da ita irin wadda kayan gida ke ci. Mai rumfa zai faɗa maka kuɗinta ka ji kamar kyauta, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Yallaɓai, wannan har firiji tana ɗauka."

Ba abin mamaki ba ne kasuwar wannan akwati ta buɗe. Tun da aka kafa NEPA a 1972 a ke sauya wa hukumar lantarki riga. Ta zama PHCN a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa sassan rarraba wuta a 2013, duhun kuwa yana nan inda ya ke. A 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su haɗe da babban layin wuta sam. Da can mai ɗan hali ya kan fake da ƙaramin janareto, sai aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan manyan layukan da ke kawo musu wuta sun lalace. A ɗaya ɓangaren kuma, faifan sola, wanda a da sai manyan ma'aikatu da masu hannu da shuni, farashinsa a duniya ya faɗi da wajen kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Rana kuwa Allah ya hore mana ita.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, ya ku 'yan'uwa. Ɗalibin yau shi ne ɗan bautar ƙasa na gobe, shi ne malamin makaranta ko malamin gona ko ma'aikacin lafiya da za a tura ƙauyen da ko turken wuta ɗaya ba a taɓa kafawa ba. Albashinsa na fari, ko alawus ɗin da ya daɗe yana tarawa, a kan faifai da batir da wannan akwati zai ƙare. Bugu da ƙari, idan kawu ko baffa ya sayar da amfanin gona yana so ya haska gidansa, wa zai tambaya in ba ɗan boko ba? Don haka ya wajaba mu san amsar. Ra'ayina shi ne, a cikin kayan haɗin wutar sola inbata mai araha ce mafi ƙarancin kuɗi, amma ita ce ke riƙe da ran mafi tsadarsu, watau batir. Abin da mai rumfa ya rage maka a kuɗinta, batirinka ne zai biya, har da riba.

Bari mu fara fahimtar aikin da a ke ɗora mata. Wutar da faifan sola ke samarwa, wadda batir ke ajiyewa, miƙaƙƙiya ce, tana gudu ta fuska ɗaya kamar ruwa a magudana, ƙarfin turinta a ƙananan batura kuwa bolt 12 ne. Wadda ke zuwa ta turaku kai-da-komo ta ke yi, sau 50 a kowace daƙiƙa, da ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka, kuma dominta aka ƙera yawancin fanka da firiji da talabijin da ke kasuwanninmu. Inbata ita ce tafinta tsakanin waɗannan harsuna biyu. Tafinta kuwa, kowa ya sani, akwai mai amana, akwai mai haɗiye rabin magana.

Ƙa'idar da aka koya mana a sakandare ba ta tsufa ba: bolt sau amfiya shi ke ba da wat. Domin inbata ta fitar da wat 1,000 daga batir mai bolt 12, dole ta zuƙi amfiya 83, in kuma aka haɗa da abin da ke salwanta ya zama zafi a cikinta, an tasam ma amfiya 100 ke nan. Wayar da za ta ɗauki wannan ba tare da ta yi zafi ba, jan ƙarfen cikinta kaɗai ya kai kaurin fensir. Mai wat 3,000 kuwa amfiya 250 ta ke bukata tun kafin a lissafa asara. To, mai karatu, ka dubi 'yan siraran wayoyin nan biyu masu kama da bakin kada da a ke sakowa cikin kwali, ka yi wa kanka hukunci. Sau da yawa lambar goshin ta abin da akwatin zai iya jurewa na ƙiftawar ido ce, wadda ta kan ninka ainihin ƙarfinsa sau biyu, wani lokaci ma ba ta da asali ko kaɗan. Wasu kuma su kan rubuta VA a gaban lambar, alhali a al'adar masu ƙera su VA 1,000 wat 800 ne. Akwai shaida ɗaya da ba ta ƙarya, ita ce fis. In mai gyara ya kwance murfin ya tarar da fis biyu masu amfiya 20 kowanne, to 40 sau 12 ya ba da 480, kuma nan ne iyakar ƙarfin akwatin, ko da an rubuta 3,000 da ruwan zinariya.

Sai kuma irin wutar da ta ke fitarwa. Wutar kai-da-komo ta gaskiya a hankali ta ke hawa da sauka, sumul, kamar lilo. Fitar da irin wannan yana bukatar ƙarin kayan ciki, ƙarin kaya kuwa ƙarin kuɗi ne. Mafi arahar inbata tsalle ta ke yi: ta haura sama, ta tsaya, ta faɗa ƙasa, ta tsaya, tamkar hanya mai gargada. Masu sana'ar suna ce wa ta farko fiyo-sayin, ta biyu modifayid. A yi adalci, kwan fitila da yawancin cajar waya da ta kwamfuta ba su cika damuwa da gargada ba. Amma duk abin da ke juyawa da naɗin waya a cikinsa, irin su fanka da firiji da injin jan ruwa, yana shan wahala: fanka ta riƙa gunaguni, kanta ya ɗauki zafi, wani kaso na wutar da aka sha wuya aka tara ya tafi a banza. Firiji ya fi kowa, domin a duk sa'ad da injinsa zai tashi ya kan nemi ninki uku zuwa bakwai na abin da ya saba ci. Saboda haka mai rumfa bai yi ƙarya ƙwarai ba da ya ce tana ɗauka. Jaki ma ya kan ɗauki kayan raƙumi, in dai tafiyar taku uku ce.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke samun batir, kuma a nan na ke so mu daɗe. Batirin dalma mai lamba 100 da bolt 12, wanda shi aka fi saye, cikinsa wat 1,200 ne na awa ɗaya, watau yunit 1.2 a lissafin mitar gida. Masu ƙera irinsa suna gargaɗin kada a riƙa cin fiye da rabi, saboda haka rabonka a kowane dare yunit 0.6 ne. A farashin naira 225 da aka yanka wa masu rukunin A a watan Afrilu na 2024, wannan wutar naira 135 ce. Ka ji fa. Ka sayi rumbu mai tsada wanda ba ya ba ka fiye da hatsin naira 135 a dare guda. Darajarsa ke nan ba ta cikin girman cikinsa, tana cikin yawan dararen da zai yi yana cika yana ragewa. Wanda a ke tatsewa ƙarƙaf kullum ya kan mutu bayan zagaye ɗari biyu ko uku, wanda a ke tsayawa a rabi kuwa ya kan ninka haka, mai kyau ma ya ninka sau da yawa. Duk abin da ya rage yawan waɗannan darare, kuɗi ya ke zara daga aljihunka kana barci.

Inbata tana da lokacin da ta ke yanke wuta da kanta in batir ya yi ƙasa. Da yawa daga masu arahar nan asalinsu don mota aka ƙera su, inda inji ke tafe yana cika batir, shi ya sa ba su yankewa sai wuta ta sauka wajen bolt 10.5, wasu ma ƙasa da haka, kuma ba su da inda za a gyara wannan lamba. Batirin dalma da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.1 ko 12.2 in yana rabi, 10.5 kuwa ma'anarsa an side kwano. Watau a lokacin da akwatin ya fara kukan nan nasa cikin dare, aikin gama ya gama. Idan kuma gari ya waye da hadari ko hazo, faifan bai iya mai da abin da aka ci ba, sai batir ya kwana biyu ko uku da yunwa, wani farin gishiri ya daskare a jikin faranten dalmar da ke cikinsa, kuma in ya yi tauri ba ya narkewa. Haka cikinsa zai riƙa ƙanƙancewa. Mai gida ya ga wutar da ke kai shi asuba ta koma ƙarewa bayan lisha, sai ya zagi mai batir, alhali ɓarawon yana nan rataye a bango.

Akwai kuma cin da inbata ke yi ko ba a kunna komai ba. Ƙarama ta kan ci wat 5 ko ƙasa da haka. Babba, musamman mai nauyin taransifoma a ciki, ta kan ci wat 20 ko fiye. Tsada ba ta hana wannan ci, sai dai mai nagarta ta kan faɗi adadin a takardarta, kuma tana da dabarar yin gyangyaɗi in ba a ɗora mata kaya ba. Araha kuwa ita ke jan mutum ya sayi babba, wai ko da za a ƙara kaya nan gaba. Wat 20 sau awa 24 ya ba da 480, watau kashi huɗu cikin biyar na rabon nan naka na 600, tun ba ka kunna kwai ɗaya ba.

A kan wannan sai a ɗora yanayinmu. Alƙawarin da a ke rubutawa a jikin batir na wurin da zafinsa digiri 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage rabin kwanakin batirin dalma. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, cikin ɗaki mai rufin kwano, ba ya bukatar ƙarin bayani. Ita ma akwatin ƙurar hunturu ta kan toshe 'yar fankar da ke sanyaya ta, kuma da ma an yi rowar ƙarfen da ke kwashe zafi. Ranar da kayan cikinta suka ƙone, batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin siririyar waya, in babu fis a kusa da kansa sai ta yi ja ta kama abin da ke kusa. Batirin ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, ga shi a ɗakin kwana a kan ajiye shi, ƙofa da taga a rufe saboda ɓarayi.

Na san abin da za a ce: da babu gara ba daɗi, kuma mai ba da shawarar a sayi mai tsada bai san nauyin aljihun talaka ba. Akwai gaskiya a ciki. Har ila yau tsada ba shaidar nagarta ba ce, domin jabu ma ya iya sa babbar riga, kuma mafi yawan waɗannan kaya, masu tsada da masu araha, daga ƙasar Sin su ke fitowa. Ba na faɗa da araha don tana araha. Ƙaramar inbata mai wat 300 wadda ta faɗi gaskiyar ƙarfinta, aka ɗora mata cajar kwamfuta da 'yan ƙananan kaya, a ke kashe ta da zarar an gama, mai ita kuma yana da 'yar mitar duba bolt yana tsayawa kafin batir ya wuce rabi, ta cancanci kuɗinta. Wadda na ke ƙi ita ce mai babbar lamba da ƙaramin ciki, wadda a ke mai da ita uwar gida a bar mata ragamar batir dare da rana.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda mutane ƙalilan ke tambayar ko suna bukatar inbatar ma tun farko. Mu ɗauki malamin da aka tura ƙauye. Kwan fitila uku masu wat 5, awa biyar, 75 ke nan. Kwamfuta mai wat 50, awa uku, 150. Cajin waya, a ce 15. Fanka irin ta gidan birni mai wat 60, awa takwas, 480. Jimla 720, ya zarce rabonsa na 600 tun ba a cire ladan tafinta ba. Amma in ya sayi fanka mai aiki da wutar batir kai tsaye, wadda ke cin wajen wat 20, lissafin ya sauko 400. Kwan fitila mai bolt 12 yana nan a kasuwa, talabijin ma haka, kwamfuta kuma akwai cajarta ta mota. Waya kuwa miƙaƙƙiyar wuta mai bolt 5 ta ke sha. Wanda ya ɗaga 12 zuwa 230 sa'an nan ya sauke ta zuwa 5 ya biya tafinta biyu don ya yi magana da ɗan garinsu. Akwai kuma ƙananan haɗin sola da ke zuwa da faifansu da batirinsu da fitilunsu, wasu ana biya kaɗan-kaɗan, kuma shirin Lighting Global na rukunin Bankin Duniya ya kafa ma'aunin gwada irinsu, wanda tun 2020 a ke gudanarwa da sunan VeraSol.

Wanda sana'arsa ke bukatar wuta mai nauyi, kamar mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo ko mai injin jan ruwa a lambu, shi ne ya fi kowa bukatar ya guji akwatin ƙamus. Nasa haɗin ya kamata ya zama na bolt 24 ko 48, domin a bolt 48 wat 1,000 amfiya 21 kawai ya ke ja, waya ba ta wahala, asara ta ragu. Inbatarsa ta zama mai sumul, wadda a ke iya gyara mata lambar yankewa. In hali ya yi, batirin litiyam irin mai sinadarin ƙarfe da fosfet ya fi, domin yana yin dubban zagaye, ana cin kashi 80 cikin ɗari na cikinsa ba ya jin ciwo, kuma yana da mai gadinsa a ciki. Kuɗin da yawa, gaskiya ne. Amma gara a shiga adashi a jira wata shida da a sayi batirin dalma sau uku cikin shekara uku.

Ga 'yan'uwa ma'aikata kuwa akwai magana ta musamman. Wata rana fayil zai iso teburinka na sa wa ƙaramin asibitin ƙauye wutar sola, ɗan kwangilar da ya fi kowa sauƙin farashi kuma shi ne zai fi kyan gani a takarda. Ka tuna allurar rigakafi da yawa tsakanin digiri 2 da 8 a ke ajiye su, in firiji ya tsaya suka yi zafi ƙarfinsu ya kan tafi ba tare da kalarsu ta sauya ba, a yi wa yaro allura uwa ta koma gida tana murna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wani irin firiji da ke shan wuta kai tsaye daga faifan sola, ya daskarar da ƙanƙara da rana ta riƙe sanyi da dare, ba batir ba inbata. Jami'in da ya san da wannan ya kuma sa hannu a kan akwatin kasuwa, ba shi da uzuri.

Kada kuma mu manta inda mataccen batir ke zuwa. 'Yan gwangwan ne ke saye, a fasa, a zubar da ruwan a ƙasa, a kwashe dalmar. Mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ta fi kamawa. Duk batirin da ya mutu a wata takwas maimakon shekara uku, ƙarin dalma ne a bayan gari.

Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da tsarin tantance kayan da a ke shigowa da su, duk da haka ga akwatunan nan jibge a rumfuna da lambobin da lissafin aji uku ya isa ya ƙaryata. Ba sai mun zauna jiranta ba. Jami'ar Bayero tana da tashar sola mai megawat 7.1 da aka buɗe a 2019, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, sassan injiniyan lantarki kuma ga su nan a Zariya da Bauchi da Maiduguri, kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe suna neman abin da za su yi bincike a kai. Me zai hana a shiga kasuwa a sayo iri goma da aka fi saye, a ɗora kowace a teburin gwaji cikin zafin watan Afrilu, a auna wat nawa ta ke riƙewa na awa ɗaya cur, wat nawa ta ke ci a zaune, a bolt nawa ta ke yankewa, da kuma ko wutarta sumul ce ko gargada? Sa'an nan a buga sakamakon da Hausa, da sunan kowace da hotonta, a manna a ƙofar kasuwa, a kuma kai wa gidajen rediyo su karanta da daren jajibirin kasuwar ƙauye.